Awon Rumbun Shafuka a Ƙwayar Linux: Sharhi a Kan Hanyar Cachestat

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wata hanya ta bin diddigin rumbun shafuka a ƙwayar Linux, wato sashen manhajar da ke sarrafa na'ura kai tsaye. Idan aka karanta fayil daga faifai, ƙwayar takan ajiye kwafinsa a ƙwaƙwalwar kwamfuta shafi-shafi, kowane shafi galibi bayit 4,096. In aka sake neman shafin aka tarar da shi, an dace. In babu shi, sai a koma faifai, wanda ya fi jinkiri nesa ba kusa ba.

2.0 Dabarar Cachestat

A shekarar 2014 Brendan Gregg ya fito da cachestat domin auna yawan dacewar nan. Ya kafa awo ta hanyar ftrace a mashigai huɗu na ƙwayar: biyu na ƙirga taɓa shafi da shigar sabon shafi rumbu, biyu na ƙirga shafukan da aka yi wa rubutu. Daga nan sai a yi ta debewa har a sami adadin dacewa. Ba mu musun cewa dabara ce ta mai basira, domin ta haska wurin da a da yake duhu.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙar

To, amma kintace ne, ba awo ba. Mu ɗauki misalin fadamar Haɗeja zuwa Nguru. Wanda ya auna ruwan da ya wuce Wudil da wanda ya isa Gashuwa, ya debe wannan daga wancan, bai san abin da fadama ta riƙe ba, domin akwai wanda ƙasa ta sha da wanda rana ta ƙafar. Haka ƙwaya takan janyo shafukan gaba tun ba a neme su ba, lissafi kuwa ya ɗauke su rashin dace.

Na biyu, hanyar ruwa kan sauya. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ciyawar kacalla ta toshe wasu rassan kogin, ruwa ya karkata wasu. Haka Linux 5.16 ta 2022 ta kawo tsarin folio, wasu mashigan suka sake suna, aka bar ma'auni a bakin busasshen rafi.

Na uku shi ya fi damunmu. Shafin da aka yi wa rubutu yakan iya zama kamar daƙiƙa 30 a rumbu kafin ya sauka faifai. A garuruwanmu, inda wutar lantarki kan ɗauke ba sallama, sakamakon jarrabawar ɗalibai na iya salwanta a wannan ɗan tsakani, alhali adadin dacewa yana nuna lafiya lau.

4.0 Kammalawa

A 2023 Linux 6.5 ta zo da wani kira mai wannan suna, wanda ke faɗin shafukan kowane fayil da ke rumbu, da waɗanda ba su sauka faifai ba tukuna. A ganinmu wannan ya kamata malamai su sa gaba. Tsohuwar hanyar kuwa a koyar da ita tare da aibinta, domin ɗalibi ya saba tambayar inda aka kafa ma'auni kafin ya gaskata adadi.