Daji a Matsayin Shaida: Ra'ayoyin Masu Karatu a kan *Track of the Cat* na Nevada Barr

1.0 Gabatarwa

A darussan nazarin ƙagaggen labari, ɗalibai sun saba da bin jigo da zubi da tsari da salo da taurari, sannan a ƙarshe su taɓo wuri cikin layi biyu ko uku, tamkar tabarma ce da aka shimfiɗa wa taurari su zauna. Wannan takarda za ta dubi wani littafin binciken kisan kai da aka rubuta da Ingilishi, wato *Track of the Cat* na Nevada Barr, da saɓanin da ke tsakanin masu karanta shi, domin a ga irin asarar da mai karatu kan yi idan ya ɗauki wuri a matsayin ado kawai.

An buga littafin a Amurka a 1993. Shi ne na farko a jerin littattafai 19 da marubuciyar ta gina a kan tauraruwa guda, Anna Pigeon. Na 19, *Boar Island*, ya fito a 2016. Kusan kowannensu a wani gandun daji na ƙasa yake faruwa. Ita kanta Barr ta yi aikin gandun daji, har da gandun tsaunukan Guadalupe da ke yammacin jihar Texas, inda ta kafa wannan labari. Littafin ya ci kyautar Agatha da ta Anthony, a rukunin labarin bincike na farko da marubuci ya fitar.

2.0 Labarin a Taƙaice

Guadalupe ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai da ƙarancin ruwa. Ta zama gandun ƙasa a 1972, kuma a cikinta ne ƙololuwa mafi tsawo a Texas take, mai mita 2,667. Anna Pigeon jami'ar tsaron gandun ce, wadda ta baro birnin New York bayan mota ta kashe mijinta. Tana cikin zagayen bin sawun zakin tsauni, wanda ake kira puma, sai ungulaye suka ja hankalinta zuwa ga gawar wata abokiyar aikinta, Sheila Drury, a kwazazzabon McKittrick, kwance cikin wata ciyawa mai kaifi. Ga raunuka a jiki, ga sawun zaki a gefe. Hukuma ta yanke cewa zaki ne ya yi ɓarnar, aka ba da izinin farautarsa, abin da makiyayan da ke kewaye da gandun suka daɗe suna so. Anna kaɗai ta ƙi yarda. Daga ƙarshe ta tabbata hannun mutum ne, kuma kuɗin farautar haram ne a gindin maganar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

3.0 Inda Masu Karatu Suka Rabu

Ra'ayin da aka fi ji daga masu son littafin shi ne, ya kai su wurin da ba su taɓa zuwa ba, sun ji zafin rana da ƙishirwa da shirun daji kamar suna can. Masu kushe shi kuwa kukansu shi ne labarin yana tafiyar hawainiya: an yi kisa, mai karatu ya ƙagu ya ji wanda ya yi, marubuciya kuma ta tsaya siffanta dutse da tsirrai da launin sama. Wasunsu kan ce tsallake irin waɗannan shafuka suke yi.

Abin lura shi ne ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu guda ba su sani ba. Dukkansu sun ɗauka siffanta dajin wani abu ne daban da binciken. Na farko ya karɓe shi a matsayin gyara da aka ɗora masa a kan sayayya, na biyu ya gan shi a matsayin tsakuwa cikin shinkafa.

Kukan ɓangare na biyu yana da tsohon asali. A 1928 marubucin Amurka S. S. Van Dine ya fitar da ƙa'idoji 20 na rubuta labarin bincike, kuma ɗaya daga ciki ta hana dogon siffantawa, bisa hujjar cewa yana tsayar da tafiyar labari. Ko mai karatun da bai taɓa jin sunan Van Dine ba, littattafan da ya karanta a baya sun riga sun koya masa wannan ƙa'ida. Wannan shi ne abin da Hans Robert Jauss na jami'ar Konstanz a Jamus ya yi bayani a kai tun 1967: babu mai buɗe littafi da zuciya wayam, kowa da tsammanin da ya zo da shi, kuma da wannan mudu yake auna sabon littafi. Wanda ya girma da littattafan Agatha Christie ya saba da cewa shaida tana cikin maganar mutane, a ɗakin baƙi ko a cikin jirgin ƙasa. Idan aka daina magana aka koma kallon ƙasa, sai ya ɗauka an tafi hutu.

4.0 Dajin da ke Ba da Shaida

Tzvetan Todorov, a maƙalarsa kan rabe-raben labarin bincike da ke cikin *Poétique de la prose* (1971), ya nuna cewa irin wannan littafi labari biyu ne a goye da juna: labarin laifin, wanda ya riga ya faru a ɓoye, da labarin binciken, wanda aikinsa shi ne tono na farko. Tambayar da ta kamaci ɗalibi a kan kowane littafi irin wannan ita ce: a ina aka rubuta labarin farko, kuma wa ya iya karanta shi?

A *Track of the Cat*, a jikin ƙasa aka rubuta shi. Babu maƙwabcin da ya leƙo ta taga, babu mai gadin da ya ga shigar wani. Abin da ya rage shi ne sawu, da ciyawa, da yanayin rauni, da nisan wuri. Mai kisan ya san haka, shi ya sa ya yi ƙaryarsa da harshen daji: ya shirya wurin yadda duk wanda ya yi masa kallon sama-sama zai karanta sunan zaki. Hukuma ta yi irin wannan karatu. Anna ta yi karatun mafarauci, wanda ya san yadda dabba ke taka ƙasa da yadda take kama abin da ta farauto, don haka ta ga inda rubutun ya karkace. Duk wanda ya taɓa ganin masu bin sawu a karkara suna bin ɓarawon dabbobi, suna bambance takun mai gudu da na mai ɗauke da kaya, zai gane cewa wannan ilimi ne cikakke, ba tsinkaye ba.

Saboda haka, shafukan da wasu ke tsallakewa su ne ajin da marubuciya ke koya wa mai karatu baƙaƙen da zai karanta shaidar da su. Idan ba a fara nuna masa yadda ciyawar nan ke yanka fatar duk mai ratsa ta ba, ba zai taɓa tambayar yadda gawa ta shiga tsakiyarta ba. Idan bai ji wahalar hanyar a ƙafafun Anna ba, ba zai auna ko wane ne cikin waɗanda ake zargi zai iya kai mutum can ba. Mai tsallake siffantawa a nan ya yi daidai da alƙalin da ya fita shan iska lokacin da babban mai shaida ke magana, ya dawo yana ƙorafin cewa shari'ar ba ta da hujja. Ko ƙa'idar Van Dine ba a karya ta ba, in an duba manufarta, domin abin da ya hana shi ne siffantawar da ba ta da aiki.

Dabarar jingina kisa ga dabba ma ba sabuwa ba ce. A labarin Edgar Allan Poe na kisan titin Morgue (1841) an zargi mutum, ashe babban biri ne. A *The Hound of the Baskervilles* (1902) Conan Doyle ya juya abin: ana tsoron kare, ashe mutum ne ke riƙe da igiyarsa, kuma fadamun Dartmoor na Ingila suna cikin makaman mai laifi. Barr ta bi layin Doyle, sai dai ta ƙara wani abu: a wurinta dabbar ba makami ba ce, wadda ake tuhuma ce bisa zalunci, kuma ana iya kashe ta kafin gaskiya ta fito. Wannan shi ya ba binciken gaggawa.

5.0 Inda Masu Suka ke da Gaskiya

Duk da haka, ba a banza wasu ke fita daga littafin da guntun rashin gamsuwa ba; wurin ciwon ne suka nuna ba daidai ba. Kulawar da marubuciya ta ba duwatsu da dabbobi ba ta ba mutane irinta ba. Ban da Anna da ƴar'uwarta Molly, likitar ƙwaƙwalwa da take hira da ita ta tarho, yawancin ma'aikatan gandun kowanne da ɗabi'a guda aka rataya masa, ana fito da shi a zarge shi, a mayar da shi. Mai karatu ya san kwazazzabon McKittrick fiye da yadda ya san wanda ya yi kisa a cikinsa, shi ya sa bayyanar mai laifin ba ta girgiza shi yadda ya kamata.

Sai kuma ƙarshen littafin, wanda ya fi komai raba kan masu karatu. Labarin bai kai ga kotu ba. A cikin daji ya tsaya, tsakanin Anna da mai laifin, kuma ya tsaya kwatsam. Wasu na ganin hakan ya dace da littafin da tun farko ya mai da daji mai shaida. Amma Anna jami'ar doka ce mai albashin gwamnati, wadda ta shafe littafin tana tuhumar hukuma da yanke wa zaki hukunci ba tare da cikakken bincike ba. Da ta zo kan mutum, ita ce ta zama mai ƙara, ita ce alƙali, kuma marubuciya ba ta ba ta ko shafi guda na tsayawa ta dubi abin da ta yi ba.