Gumin Mace Bayan Saki: Nazari a kan Sashe na 49 na Dokar Iyali ta Maroko

Asali a fiƙihun Malikiyya shi ne aure ba ya haɗe dukiya: miji da tasa, mata da tata. Idan suka yi jayayya a kan kayan gida, abin da aka san na mata ne a ba ta bayan ta yi rantsuwa, wanda kuwa ya dace da maza ko da su duka biyun a bar wa miji da rantsuwarsa. Wannan ƙa'ida ta warware rikicin gado da tukwane, amma ba ta taɓo gonar da aka faɗaɗa da gumin mutum biyu alhali sunan ɗaya ne a takarda ba.

Wannan giɓi ne Dokar Iyali ta Maroko ta shekarar 2004 ta nemi cikewa a Sashe na 49. Ta tabbatar da rabuwar dukiya, ta halatta wa ma'aurata rubuta yarjejeniya dabam da takardar aure, sannan idan babu ita ta mayar da alƙali ga ƙa'idojin hujja, tare da lura da aikin kowannensu. Abin yabo shi ne hukuncin yana da tushe a mazhaba: tun ƙarni na 10 na Hijira Ibn Ardun ya yi fatawar ba matan karkara masu girbi da sussuka kaso daga amfanin, ko da yake malaman Fas sun ja da shi.

Sai dai sashen yana da rauni biyu. Na farko, bai ambaci hidimar gida da sunanta ba, don haka ya bar ta ga fahimtar kowane alƙali. Na biyu, nauyin hujja ya faɗa kan mace, alhali wadda ta zuba kuɗin adashenta a ginin mijinta ba ta karɓar rasit.

Darasin ya shafi kotunanmu na shari'a, domin mazhabar ɗaya ce. Ba rabin dukiya kai tsaye ake nema ba, don hakan cin dukiyar wani ne ba da haƙƙi ba. Abin nema shi ne a ɗauki gudummawar da ta tabbata a matsayin bashi ko tarayya, a kuma karɓi shaidar al'ada da alamomi wajen tabbatar da ita. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta ba mace rabo daga abin da ta tsiwirwirta, kuma saki ba ya shafe wannan rabo. Allah ne Mafi sani.