Girka: Shafin da Marubutanmu Ke Tsallakewa a Labarin 'Yar Bori

Duk mai bin labaran da ake sakawa babi-babi a WhatsApp da Wattpad, ko mai kallon finafinan Kannywood, ya san wannan fitowa. Kishiya ta hana amarya sakat, sai ƙawa ta ja ta bayan gari, su tarar da wata tsohuwa a bukka da jan ƙyalle da ƙwarya. Tsohuwa ta zare ido, murya ta sauya, ta faɗi sunan mijin tun ba a gaya mata ba. A hannun marubutanmu wannan mata iri biyu ce kawai: ko wadda aka haifa da aljanu a ka, ko 'yar damfara da yaronta ya riga ya tsegunta mata labari. Da wuya ka ga an nuna yadda ta zama abin da ta zama.

Hukuncin Musulunci a kan neman taimakon iskoki sananne ne, ban kuma zo taɓa shi ba. Magana ta rubutu nake yi. Marubucin da bai tambayi kansa ko hawan bori baiwa ce ko koyo ba, kwarangwal zai ba mu a madadin mutum. Ga shi kuwa amsar na nan kwance a bakin mutanen ƙasar Gobir.

Ka zauna da tsofaffin mata a Kamarawa, ko ƙauyukan da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, ka ji yadda suke ba da labarin wata 'yar bori ta zamanin ƙuruciyarsu. Ba za su ce ta zaɓi sana'ar ba. Cewa za su yi iskoki sun kama ta, ko ta gaje su wurin kakarta. Yawanci da ciwo abin ke farawa: shanyewar hannu ko ƙafa, ɓari a kai a kai, wabi, firgita cikin dare, ciwon da ya gagari magani. Wannan shi ne ɓangaren da ya yi kama da baiwa, ko da yake baiwa ce da babu uwar da ke roƙa wa 'yarta. Amma labarin ba ya tsayawa nan. Sai su ƙara da cewa, daga baya aka girka ta.

Kalmar girka ita ce mabuɗin. Da ita ake ɗora tukunya a murhu, wato wanda iskoki suka kama ɗanye ne har sai ya sha wuta. Haka kuma namijin da ake hawa sunansa doki, mace kuwa goɗiya. Doki da halittarsa ake haifarsa, amma ba a haife shi da sanin linzami ba, sai an hore shi. Su kansu masu abin sun raba kira da horo tun a cikin sunayen da suka raɗa.

Littafin da ya fi yi mini bayanin wannan horo shi ne na Fremont Besmer, masanin kiɗa da ya yi bincike a ƙasar Kano, mai suna Horses, Musicians, and Gods, wanda ya fito a 1983. Ya nuna yadda ake killace mai girka kwana da kwanaki a hannun wanda ya riga shi shiga, ana ba shi jiƙe-jiƙe da turare, ana gabatar masa da iskoki da halayensu, har a kai ga daren kwanan zaune. Ya bayyana birnin Jangare da gidajensa goma sha biyu ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulemanu, kowane iska da danginsa da tufafinsa da dabbar da ake yanka masa. Rauninsa a wurina shi ne ya fi sauraron makaɗa maza na birni, muryar matan karkara irin namu ba ta fito sosai ba. Duk da haka, wanda ya karanta shi zai ga manhaja ce guda ake haddacewa.

Dubi abin da ake bukata a fili. Malam Alhaji tsohon malami ne, dokinsa zai duƙa yana tari yana jan carbi. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da kyauta da caca. Kuturu zai dunƙule yatsu yana korar ƙuda. Sarkin Rafi da hauka yake zuwa. Kowannensu da taken da mai garaya ko mai goge zai kaɗa masa, dole goɗiya ta san taken nata. Akwai jifa, inda za a yi tsalle a faɗo da mazaunai a kan ƙasa, akwai atishawar da ke nuna iska ya sauka. 'Yan kallo sun san duk wannan, suna kuma bambance gwana da 'yar koyo. Da Bahaushe ya ce ba a bori da sanyin jiki, ya san aiki ne. Da ya ƙirƙiro borin kunya, ya san ana yin na ƙarya.

Tarihi ma ya ba da shaida. A 1925, a ƙasar Kurfai wajen Filinge cikin Nijar, wasu sababbin iskoki suka ɓullo, waɗanda aka sani da Babule ko Hauka. Fareti suke yi irin na sojan Faransa, suna sara wa juna, suna ba da umarni da tsawa. Jean Rouch ya ɗauki masu yin su a fim a Akara a shekarun 1950. Kafin zuwan Bature babu goɗiyar da ta taɓa yin fareti. Ko me mutum ya gaskata game da iskoki, jikin da ake hawa a duniya ya ga tafiyar soja ya ɗauka.

Sai dai wanda ya ce duk abin koyo ne, shi ma ya yi gaggawa. Mai garaya ya fi kowa sanin taken iskoki da kirarinsu, zai shekara talatin yana kaɗawa ba a hau shi ba. Mata ɗari za su kewaye fili, kiɗa ɗaya ke shiga kunnensu, uku ko huɗu ne za su faɗi. Likitan ƙwaƙwalwa yana da nasa bayani a kan saurin ficewar wasu daga hayyaci, malamin ruƙiyya yana da nasa. Marubucin ƙagaggen labari ba alƙali ba ne a tsakaninsu. Aikinsa ya nuna mace da wani abu ya same ta ba da sonta ba, sannan wasu mutane suka koya mata sunan abin da yadda za ta rayu da shi.

A Gobir wannan koyarwa har sarauta gare ta. Inna, wadda ake naɗawa daga cikin matan gidan sarauta, ita ce shugabar mata da masu bori tun zamanin Alƙalawa. Bayan faɗuwar birnin a 1808, sarautar ta bi Gobirawa zuwa Tsibiri da Sabon Birni. Jini ke kai mace bakin wannan kujera, naɗi ke zaunar da ita. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta fahimci ƙarfin wannan tsari. Da ta kafa 'Yan Taru, sai ta naɗa jajis, mata masu kai karatu ƙauyuka, ta ba su malfa da jan rawani, kayan da Jean Boyd ta nuna a littafinta na 1989 cewa alamun Inna ne. Asma'u ta ga makaranta ce a gabanta, sai ta tare ta da makaranta. Marubucin yau da ke ganin tsawa ɗaya daga bakin jarumi ta isa ta rushe bukkar boka, bai kai ta fahimtar abin da yake yaƙa ba.

Ko a adabinmu na farko an fi mu haƙuri. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, daga shekarun 1930, Abubakar sai da ya bar gida ya sha baƙar wahala kafin ya samo asirin ramuwa, kuma wahalar ce ta nuna mana yadda ƙiyayya ke cin mai ita. Yanzu kuwa shafi ɗaya ya isa: an je, an biya, an dawo da ƙulli.

Hasarar ba ta tsaya a takarda ba. Yarinyar da ke faɗuwa a makaranta, ko mai jegon da ta daina magana, tana karanta labaran nan a wayarta. Abin da suke gaya mata shi ne ita ko la'ananniya ce ko maƙaryaciya. Labarin da ya bi mace tun daga ciwon farko, zuwa gardamar dangi a kan asibiti ko malam ko girka, zuwa kuɗin akuyar da aka ranto, zuwa ranar da 'yarta ta dawo daga Islamiyya ta ƙi cin abincin hannunta, zai fi wa'azin da muke liƙawa a babin ƙarshe tasiri.

Masu ba da wannan labari suna ƙarewa. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Isa da Sabon Birni, tsofaffi da yawa suna zaman gudun hijira a gidajen dangi ko a tsallaken iyaka wajen Maraɗi. Marubuciyar da ke da kaka daga wannan yanki, ta ajiye waya ta kai mata goro, ta tambaye ta wa aka girka a garinsu, wa ya girka ta, me kuma ya same ta kafin nan.