Boxer: Baburin Da Ko Na Hannu Ne Ya Ci Kuɗinsa

A cikin duk baburan da ke karakaina a titunanmu, wallahi ban ga wanda ya kama ƙafar Boxer ba. Ina faɗa da babbar murya, kuma na san 'yan acaɓa da bakanikai za su mara mini baya!

Kamfanin Bajaj na Indiya ne ke ƙera shi, kamfanin da aka kafa a 1945 mai hedikwata a birnin Pune. Ya shafe shekaru yana haɗin gwiwa da Kawasaki na Japan, kuma a wannan zamanin ne Boxer ya fara fitowa, a ƙarshen shekarun 1990. Yau Najeriya tana sahun gaba cikin ƙasashen da Bajaj ke tura wa babura. Daga ɗan kabu-kabun Maraɗi har zuwa masu ɗaukar fasinja a Kampala, shi ne abin hawa kuma shi ne jari.

Kai, wannan mashin akwai juriya! Ɗora masa buhun masara, ko jarkokin ruwa, ko kwandunan tumatir daga fadama, ya bi yashi da taɓo da kwazazzabo bai ce uffan ba. Wurin zamansa dogo ne, ƙarfen ɗaurin kayansa ba ya lanƙwasa da wasa. Ba a gauraya masa fetur da baƙin mai irin tsofaffin baburan nan masu turnuƙe unguwa da hayaƙi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tambayar farko a bakin mai saye ita ce shan mai, kuma a nan Boxer bai taɓa kunyata masoyansa ba.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne darajarsa bayan ya tsufa. Faɗuwar naira ta sa sabo ya fi ƙarfin mutane da yawa, sai aka koma wa na hannu, aka tabbatar cewa da tsohuwar zuma ake magani. Kayan gyaransa ba sa ɓuya, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a rumfar bakaniken ƙauye. Fulogi, kulochi, birki, duk yaron shago ya san kansu. Ranar da ka tashi sayarwa kuwa, dillalai ne za su yi ta rububinsa.

In za ka sayi na hannu, tafi da bakanikenka. A tayar da injin tun yana sanyi, a saurari ƙararsa, a duba ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi. Lambar inji da ta jiki su dace da rasit da takardu, kuma a yi ciniki gaban shaidu, domin baburan sata suna yawo a kasuwa. In duk wannan ya yi daidai, biya kawai, kada ka tsaya jan ciniki har wani ya riga ka. Allah ya sa albarka, ya kuma tsare hanya!