Tawaye ko fashi? Nazari kan kalmomin yaƙi a Nijar, 2007-2009

1. Gabatarwa

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a duba yadda hukuma ta zaɓi kalmominta a lokacin rikicin arewacin Nijar na 2007 zuwa 2009, da abin da zaɓin ya jawo wa ƴan jarida da masu saurare. Za mu auna maganar daga kunnen mai sauraro na karkara, kamar na Tagriss ta gundumar Dakoro, inda Hausawa da Abzinawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, suna kuma shayar da dabbobi a rijiya ɗaya.

2. Asalin maganar

A watan Fabrairu 2007 ƙungiyar MNJ, wadda Aghali Alambo ya shugabanta, ta kai hari Iferouane. A watan Yuni ta faɗa wa sansanin soja na Tazerzait, ta kashe sojoji 15, ta kama 72. Shugaba Tandja Mamadou ya ƙi kiran mayaƙan da sunan « rebelles ». A bakinsa « bandits armés » ne da « trafiquants de drogue », wato ƴan fashi da makami da masu fataucin miyagun ƙwayoyi. Hujjar gwamnati ita ce yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ta riga ta rufe babin tawaye, duk wanda ya sake ɗaukar bindiga ba shi da sauran bakin magana.

3. Nauyin kalmomin biyu a Hausa

A Hausa tazarar da ke tsakanin kalmomin nan tana da faɗi. Tawaye bijire wa shugaba ne, kuma mai yin sa yana da kuka, ko da kukan bai da tushe. Saboda haka ƙarshen tawaye ɗayan biyu ne: a murƙushe shi ko a yi sulhu. Fashi kuwa tare hanya ne don ƙwace dukiya. Ba a zama da ɗan fashi a tattauna, sai dai a kai shi gaban alƙali. Ke nan, wanda ya zaɓi kalmar fashi ya riga ya yanke hukunci a kan abu biyu: ba za a yi shawara da mutanen ba, kuma duk wanda ya yi hulɗa da su ya shiga zargi, tun da Bahaushe ya ce abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Wannan hukunci na biyu shi ya faɗa kan ƴan jarida. Aikin ɗan jarida a lokacin tawaye shi ne ya ji ta bakin kowane ɓangare. Amma in abokan gaba ɓarayi ne, kiran su ta waya ya zama haɗin baki. Hukumar ƙoli ta sadarwa, CSC, ta dakatar da jaridar Aïr Info ta Agadas wata uku a Yuni 2007, ta rufe tashoshin FM na RFI wata guda a Yuli. A ranar 20 ga Satumba aka kama Moussa Kaka, shugaban Rediyo Saraounia kuma wakilin RFI, bisa hirarrakinsa na waya da Alambo, ya kwana 384 a gidan kaso. Ibrahim Manzo Diallo na Aïr Info ya bi bayansa a watan Oktoba. A Afrilu 2008 aka rufe Sahara FM ta Agadas bayan ta watsa shaidar mutanen da suka ce sojoji sun ci zarafinsu.

4. Abin da za a ce a madadin hukuma

Adalci ne a faɗi cewa tsoron hukuma ba na banza ba ne. Sojoji na mutuwa, kuma a Disamba 2007 nakiyoyi sun kashe farar hula a cikin garuruwan Maraɗi da Tawa, sannan a Janairu 2008 wata ta kashe Abdou Mahamane, shugaban rediyon R&M, a Yamai. Gwamnati ta ɗora laifin a kan MNJ, ita kuma ta musanta. Sanarwoyin ƙungiyar su ma farfaganda ce, ba su fi na hukuma tsarki ba. Sai dai a nan ne raunin siyasar rufe baki ya fito. Da yake an kafa dokar « mise en garde » a jihar Agadas tun Agusta 2007, aka kuma hana ƴan jarida zuwa fagen, babu wani mai zaman kansa da zai tantance ikirarin kowane ɓangare. Hukuma ta toshe bakin da zai iya ƙaryata abokan gabarta da shaida.

5. Mai sauraro na karkara

Jaridar Le Sahel da Faransanci take fitowa, FM kuwa ta birni ce. Mutumin Tagriss akwatinsa na gajeren zango yake murɗawa, ya kamo Muryar Sahel, ya kamo sassan Hausa na BBC da Muryar Jamus da Muryar Amurka, waɗanda rufe FM bai taɓa su ba. A yini ɗaya sai ya ji sunaye biyu na mutane ɗaya. Illar farko ita ce raguwar yarda da rediyon ƙasa, har a ranar da ya faɗi gaskiya. Illa ta biyu ta fi muni. Sunan ɗan tawaye yana nuni ga ƙungiya mai shugaba da wurin zama, amma ɗan fashi ba shi da adireshi, ana iya ganin sa a fuskar duk baƙon da ya naɗa rawani. A ƙasar da manomi da makiyayi ke da tsohuwar ƙura kan burtali da rijiya, kalma irin wannan itace ce a bakin wuta.

6. Kammalawa

A watan Mayu 2009 Tandja ya gana da shugabannin mayaƙan a Agadas. A Oktoba suka ajiye makamai ta hanyar shiga tsakanin Libiya, aka yi musu afuwa. Da ɗan tawaye ake irin wannan zama, saboda haka ƙarshen rikicin ya warware kalmar da aka shekara biyu ana tilasta wa jama'a, bayan wasu sun biya kuɗinta da ƴancinsu.

Darasin bai tsufa ba. An dakatar da RFI da France 24 a Agusta 2023, an dakatar da BBC wata uku a Disamba 2024 kan rahotannin mutuwar sojoji a yammacin ƙasa. Aikin da ke gaban ɗalibanmu shi ne tattara labaran Hausa na waɗannan lokuta, a jera su da asalinsu na Faransanci, a ga wace kalma mai fassara ya ɗauka, wace ya bari, da kuma wanda ya ba shi umurni.