Hoton Iyali a Ƙasar Hausa: Nazari Kan Tsari, Haske da Mutunci

Ranakun da dangi ke haɗuwa gaba ɗaya a gidan Bahaushe ba su da yawa. Akwai ƙaramar Sallah da babba, akwai ɗaurin aure da suna, sai walimar saukar Alƙur'ani da ranar tarbar alhazai. A irin waɗannan ranaku ne ake jin "ku zo a yi hoto", yara su rugo, maza su gyara zaman hula, mata su daidaita mayafi. Cikin minti biyu an gama an watse. Sai dai abin da aka ɗauka a waɗannan mintuna shi ne zai saura bayan anko ya koɗe, yara sun zama iyaye, wasu daga cikin manyan kuma sun riga mu gidan gaskiya. Hoton iyali shaida ce ta zumunci, kuma kyansa ya rataya a kan abu biyu: a ga fuskar kowa sarai, a kuma ajiye kowa a matsayinsa. Duk wata dabara ta mai hoto hidima take yi wa waɗannan biyun.

Zamanin da hoto ke da tsada

An bayyana wa duniya fasahar Louis Daguerre a birnin Faris a shekarar 1839. Kyamarorin farko suna buƙatar mutum ya daɗe bai motsa ba, har ana tokare wa masu zama ƙeya da ƙarfe don kada hoton ya yi dishi-dishi. Wannan larura ta taimaka wajen kafa tsarin da muka gada: wasu a zaune, wasu a tsaye, kowa ya natsu ya dubi gaba. Da sana'ar ta iso biranenmu, sai ta tarar da mutanen da dama suka san jeri da girma da kamun kai, don haka tsarin ya zauna daram.

A zamanin fim, ƙunshi ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kuma ba a ganin sakamako sai an kai an wanke. Tsadar nan ta koya wa masu hoto haƙuri. Mai hoto zai duba haske, ya jera mutane, ya gyara wa wannan wuyan riga, ya ce wa wancan ya ɗan matso, sannan ya danna sau ɗaya.

Wanda ya fi kowa nuna inda wannan haƙuri ke kaiwa shi ne Seydou Keïta na ƙasar Mali, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, ya rasu a 2001. Aikinsa ya shafe mu kai tsaye, domin rana irin tamu ya yi fama da ita, fata irin tamu ya ɗauka, da manyan riguna da ɗankwali irin namu. Yawancin hotunansa a tsakar gida ya yi su da hasken rana, ya rataya zane mai ado a baya a madadin bango. A hotunansa na iyali za ka ga hannun wannan a kafaɗar wancan, yaro a cinyar uba, mata biyu sun jingina da juna cikin atamfa iri ɗaya. Ko ba ka san sunansu ba, za ka gane wa ke da wa. Ɗan ƙasarsa Malick Sidibé, wanda ya karɓi lambar Zakin Zinariya a baje kolin birnin Venice a 2007, ya bi wata hanyar dabam, ya kama matasa cikin raha da motsi. Tsakanin natsuwar Keïta da walwalar Sidibé ne kyakkyawan hoton taro yake samun wurin zama.

Jeri: wa zai zauna, wa zai tsaya

Hoton gandu guda yana iya haɗa mutum talatin ko fiye, daga kaka zuwa tattaɓa kunne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera su layi ɗaya kamar sahu, sai mai hoto ya ja da baya sosai don kowa ya shiga, fuskoki su ƙanƙance har ba a gane su. Gyaran yana cikin tsarin zamanmu na yau da kullum. A fara da tsofaffi, a zaunar da su a kujeru a tsakiya, domin su ne tushen hoton, kuma bai dace a bar su a tsaye ana ta kai da kawo ba. Yara su zauna a tabarma ko darduma a gabansu. Matasa da magidanta su tsaya a baya ko a kan dakali, dogaye a tsakiya. Kowane kai na layin baya ya leƙo ta tsakanin kawuna biyu na gaba. Ƙa'idar mai sauƙi ce, kuma ya kamata a faɗe ta da ƙarfi: wanda ba ya ganin kyamara da idanunsa biyu, kyamara ma ba ta ganinsa.

Sai kuma abin da littattafan koyon hoto na waje ba su tanada ba, wato kunya. Akwai uwar da ba za ta yarda ta rungumi ɗan farinta a gaban jama'a ba. Akwai surukin da zai daskare in aka tsayar da shi kafaɗa da kafaɗa da surukarsa. A gidan da ke da mata biyu ko uku, wurin da aka ajiye uwargida da wurin da aka ajiye amarya magana ce da za a daɗe ana yi. Mai hoton da ya ce "ku matso, ku rungumi juna" ba tare da ya san waɗannan ba, tsarguwa zai ɗauka, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. Hikima ita ce ya nemi mutum ɗaya na gida, gwaggo ko babban wa, ya taya shi jeri. A sa jika tsakanin surukai, sai kunya ta samu abin fakewa. A ajiye kowace uwa kusa da 'ya'yan ɗakinta, maigida a tsakiya, ba a fifita ɓangare ba. Wanda kuma ya ce ba ya son a ɗauke shi, ko don fahimtarsa ta addini ko don ra'ayin kansa, a ƙyale shi cikin mutunci. Haka nan macen da ba ta so hotonta ya fita waje, haƙƙinta ne a kiyaye.

Haske: rana, farar shadda da baƙar fata

A nan ne hotunanmu suka fi lalacewa. Ana saukowa daga Idi rana ta riga ta ɗaga, kuma ɗaurin aure yakan faɗo bayan Juma'a ko wajen azahar, lokacin da rana ke tsakar ka. Hasken da ke saukowa daga sama yana jefa inuwa a kwarmin ido, rawani da goggoro su ƙara rufe goshi, mutane su yamutsa fuska don ƙyalli. Mafita ita ce inuwa mai faɗi wadda ke fuskantar fili, kamar gindin katanga, bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa, a tsayar da jama'a suna kallon wajen da haske ke shigowa. A guji gindin darbejiya in rana na ratsa ganyenta, domin za ta yi wa fuskoki dabbare-dabbare. A kuma kula da rumfar biki mai launi, ja ko shuɗi, don launinta yana sauka a fatar mutane. In da hali, a jira bayan la'asar, lokacin da haske ya yi laushi ya kwanto ta gefe. Hazon hunturu ma, duk da ƙurarsa, yana tace rana ya ba da haske mai daɗin aiki.

Matsala ta biyu daga kyamarar take. Tana auna hasken abin da ke gabanta ne ta nemi tsaka-tsaki. In mutum goma sun sha farar shadda, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, shaddar ta fito fes, fuskoki su dushe. Abin yana da tarihi: shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita launin hotuna da katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, don haka ba da fatarmu aka auna ma'aunin ba tun farko. Mai riƙe da waya ya taɓa fuskar wani a kan allo kafin ya danna, ya ɗan ƙara haske har sai idanu sun fito. Asarar ƙyallin aikin wuyan riga ta fi sauƙi a kan asarar fuskar mai rigar.

Abin da waya ta kawo, da abin da ta tafi da shi

Tun da wayar salula ta bazu a Nijeriya daga 2001, daga baya kuma ta zo da kyamara, kowa ya zama mai hoto. Alheri ne babba, domin talaka ma yanzu yana da hoton mahaifiyarsa. Amma araha ta kawo gaggawa. A taro ɗaya sai ka ga waya biyar a ɗage, kowa na kallon tasa, a ƙarshe babu hoto ɗaya da idanu suka haɗu. A bar mutum ɗaya ya ɗauka, ya tura wa saura. Ya goge gilashin kyamarar, ya riƙe wayar a kwance daidai tsayin ido ko sama kaɗan. Kada ya matso kusa ainun, domin kyamarar waya tana buɗa mutanen da ke gefe su fito a karkace. Gara ya ja baya ya bar sarari a kowane ɓangare. Ya duba abin da ke bayan jama'a, kada igiyar shanya ko bokiti su shiga tarihin gida. Ya ɗauka sau da yawa a jere, saboda a taron mutum ashirin da wuya a rasa mai ƙifta ido.

Batun murmushi ba ya buƙatar tilas. Dattijon da ya saba da kamun kai, natsuwarsa ita ce kamanninsa, kuma dariyar dole ba ta yi masa kyau. A ɗauki na natsuwa tukuna, sannan a bar abokan wasa su yi aikinsu. Jika ya tsokani kaka, taubashi ya jefa wa taubashiya magana, mai hoto kuma ya kasance a shirye. Sau da yawa wannan na biyun ne ake so a gida.

Akwai wata ɗabi'a da ta cancanci suka a fili, wato wanke fata da manhajar gyaran hoto. Ana mayar da baƙi fari, a goge tsagar gado, a share tamojin tsohuwa, har amarya ta fito danginta na tambayar wace ce. Hoton da ya canza wa mutum kama ya ci amanar aikinsa. Jikan da zai nemi hancinsa ko goshinsa a fuskar kakarsa, gaskiya yake nema, kuma ita ya kamata a bar masa.

Daga ƙarshe, hoton da ke cikin waya kaɗai yana tare da haɗari. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, kuma hoton da aka yi ta turawa ta WhatsApp yana rage inganci sai in an aika shi a matsayin fayil. Hotunan situdiyo na shekaru hamsin da suka wuce suna nan a albam da bangon ɗaki saboda an wanke su a takarda.

Don haka, ya mai karatu, in Allah ya kai mu taro na gaba, ka ware minti goma tun kafin a gaji. Ka zaunar da tsofaffi, ka nemi inuwa, ka tabbata an kira wadda ke madafa da yaron da aka aika. Ka zaɓi hoto ɗaya ka kai a wanke, ka rubuta sunan kowa da shekara a bayansa, ka ba kowane ɗaki nasa. Wannan ma sada zumunci ne.