Jinjina ga Masaƙan Ulu na Roswell

A jihar Jojiya ta Amurka, inda rafin Vickery ke gangarowa ya faɗa kogin Chattahoochee, akwai kufan wata masaƙar ulu mai suna Ivy, wadda aka kafa wajen shekarar 1857, aka kuma ɗora dukkan aikinta bisa ƙarfin ruwa, ta yadda rafin da aka tare aka karkato shi ne ke juya na'urorin shiɓar ulu da kaɗi da saƙa, tun daga hantsi har magariba.

Amma ruwa, duk da albarkarsa, ba ya ƙulla zaren da ya tsinke. Wannan hidima ta ma'aikata ce, galibinsu mata da yara talakawa, waɗanda suka saƙa tufa mai ruwan toka da sojojin Kudu suka sa a yaƙin basasar Amurka. Kuma ko da yake manufar Kudu ta riƙon bayi ɓatacciya ce, ba adalci ba ne a ɗora alhakinta kan mai neman abin sakawa a bakin salati.

A watan Yuli na 1864 dakarun Arewa na Janar Garrard suka iso. Wani Bafaranshe, Theophile Roche, ya ɗaga tutar Faransa bisa ginin don a ɗauke shi ɗan ba-ruwanmu, amma hilar ba ta ci ba, aka ƙone masaƙar. Bisa umarnin Janar Sherman na Arewa aka kama ma'aikatan masaƙun garin Roswell kimanin 400 da tuhumar cin amanar ƙasa, aka tura su arewa a jirgin ƙasa, akasarinsu ba su sake komowa Roswell ba.